KIWO A BAYAN GIDA: Yaushe Ya Kamata A Yaye 'Ya'yan Zomo?

  

A makon jiya mun tattauna kan yadda ake shirya wa zomanya akwatin haihuwa. Bayan fitowar jarida saƙonni sun shigo da dama, amma biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Wata ɗaliba 'yar aji biyar daga Funtuwa ta ce zomanyarta ta haifi 'ya'ya bakwai, yau kwanansu 20, har sun fara fitowa suna tsinkar ganye. Ƙawarta ta matsa mata lamba sai ta sayar mata da biyu, shi ne take tambaya ko ta ba ta. Wani ɗalibi kuma daga Azare matsalarsa akasin haka ce. Nasa sun kusa wata huɗu, har yanzu suna keji ɗaya da uwarsu, faɗa ya ɓarke a tsakaninsu, an yaga wa ɗaya kunne, kuma yana zargin ɗaya daga cikin ƙananan matan ta ɗauki ciki.

Ita tana shirin yin gaggawa, shi kuma ya yi jinkiri. Bari in fara da amsar a taƙaice, saboda masu leƙa jarida a tsaitsaye kafin a buga ƙararrawa. A irin kiwon da muke yi a gida, ana yaye 'ya'yan zomo tsakanin mako 6 zuwa mako 8 da haihuwa. Sannan a raba maza da mata tsakanin mako 10 zuwa 12. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ma ya samu abin tafiya da shi. Amma ina so ku san dalili, domin wanda ya san dalili ba a saurin ruɗinsa da kuɗi.

Yadda na koyi darasin

Ina aji shida a sakandare lokacin da zomanyata ta farko ta haihu. Da kuɗin barka da Sallah na saye ta, na haɗa mata keji da guntayen katako da waya a bayan ɗakin girki. Ta haifi takwas, duka suka rayu. A daidai lokacin ne ake rajistar jarrabawar shiga jami'a, kuma a gida abubuwa sun ɗan yi tsauri. Sai na ƙudurta cewa da zomayena zan biya, don in nuna ni ma na girma.

Ranar da suka cika kwana 23 wani dattijo maƙwabcinmu ya leƙo ya gan su suna tsalle-tsalle. Ya ce yana son biyar saboda jikokinsa. Na shiga na gaya wa mahaifiyata, sai ta ce, "Anya kuwa? Waɗannan ai ko ƙwari ba su yi ba."

Na ce, "Umma, ai suna cin ganye da kansu."

Ta ce, "Kai ma lokacin da ka fara shan kunu ai ba a yaye ka ba."

Ban saurara ba. Na kama biyar na ba shi, na karɓi kuɗi. Sauran ukun ma na ɗebe su na zuba a wani kwali, don in samu in sake kai uwar wurin namiji da wuri. A lissafina na riga na zama attajiri.

Kwana shida bayan haka dattijon ya yi sallama da ni a ƙofar gida. Ya ce, "Ɗana, zomayen nan fa huɗu sun mutu. Zawo suka yi ta yi, cikinsu ya kumbura. Yaran suna can suna kuka." Bai ɗaga murya ba, bai ma ce in mayar masa da kuɗi ba. Hakan ya fi yi mini ciwo. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifina ne." Na shiga na ɗauko kuɗin na mayar masa. A cikin nawa ukun biyu suka mutu a makon. Uwar kuma nononta ya kumbura ya yi tauri, ta daina cin abinci, sai da aka kira malamin dabbobi ya duba ta. A ƙarshe yayana ne ya biya mini kuɗin rajista, kuma har yau idan yana son tsokanata sai ya kira ni Alhaji mai zomaye.

Sai da na shiga jami'a muka fara darasin kiwon ƙananan dabbobi na gane abin da ya kashe su. Ni ne na cire su daga nono a lokacin da suka fi bukatarsa.

Abin da ke faruwa daga haihuwa zuwa yaye

Da farko ku sani cewa zomon gida daban yake da zomon dajin da mafarauta suke kamowa. Na daji ana haihuwarsa da gashi, idonsa a buɗe, kuma ba ya daɗewa yake fara gudu. Na gida asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, inda kakanninsa suke haihuwa a cikin rami. Shi ya sa ake haihuwar ɗansa tsirara, ido a rufe, kunne a toshe, bai fi girman babban yatsa da kaɗan ba. Duk rayuwarsa a kan uwa take.

Zomanya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 31. Idan ta haihu, sau ɗaya take shayarwa a rana, wani lokaci sau biyu, kuma shayarwar ba ta wuce 'yan mintuna. Yawanci da dare ko da asuba take yi. Saboda haka kada ka ga ba ta shiga akwati da rana ka ce ta ƙi 'ya'yanta. Ka duba cikinsu da safe. Idan ya yi ɓul-ɓul, sun ƙoshi. Idan fatarsu ta yamutse suna ta mutsu-mutsu suna neman abin tsotsa, to akwai matsala. Nonon zomo yana da kauri ƙwarai, mai da sinadarin gina jikin da ke cikinsa sun ninka na nonon saniya wajen sau uku. Shi ya sa shan sau ɗaya yake riƙe su, har nauyinsu ya ninka a cikin mako na farko.

A makon farko gashi yake fara tsirowa. Tsakanin kwana 10 zuwa 12 suke buɗe ido. Zuwa mako na uku sai su fara fitowa daga akwati suna ɗanɗana abin da uwarsu take ci. A nan ne masu kiwo da yawa suke ruɗuwa, kamar yadda na ruɗu. Abin da ba mu sani ba shi ne, a daidai wannan mako na uku ne nonon uwa yake kaiwa ƙololuwar yawansa. Ganyen da kake gani suna tsinka koyo ne kawai, abincinsu na gaskiya yana jikin uwa. Daga nan ne nonon yake fara raguwa a hankali, su kuma suna ƙara cin abinci, har zuwa mako na shida lokacin da yawancin abin da ke riƙe su daga kasko yake fitowa.

Akwai wani aiki kuma da yake gudana a cikin cikinsu wanda ido ba ya gani. Zomo yana da wani babban aljihu a hanjinsa, inda ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfani suke zaune suna narkar masa da ciyawa. Ba a haihuwarsa da waɗannan ƙwayoyi. Daga wurin uwa yake samunsu, har ta hanyar cin ɗan kashin da take bari a cikin akwati. Kada ku yi ƙyama, haka Allah Ya tsara halittarsu. Babban zomo ma yana fitar da wani kashi mai laushi, yawanci da dare, ya sake cinye shi don ya samu sauran amfanin abincin. Ƙananan sai sun fara cin abinci sosai suke soma yin hakan.

Sannan nonon uwa yana ɗauke da wani irin mai da yake kashe ƙwayoyin cuta a tumbin ɗan zomo. Babban zomo ba ya bukatar wannan, domin tumbinsa yana da tsami mai ƙarfi da yake yin aikin. Ɗan mako uku tumbinsa bai gama yin wannan tsami ba. Idan ka cire shi daga nono a lokacin, ka raba shi da kariyar uwa alhali tasa ba ta gama haɗuwa ba. Da ya ci ɗanyen ganye ko abinci mai datti sai zawo da kumburin ciki, kuma ɗan zomo mai zawo yakan mutu cikin kwana ɗaya ko biyu.

Me ya sa wasu suke yaye da wuri?

Wataƙila wani zai ce ya ga bidiyo a waya ana yaye su a wata guda. Gaskiya ne. A manyan gonakin zomaye na ƙasashe irin su Italiya da Faransa da Sifen ana yaye su a wajen kwana 35. Amma ku duba yanayinsu. Suna da abinci na musamman da aka haɗa a masana'anta daidai da cikin ƙananan zomaye, ɗakunansu ana daidaita zafi da sanyinsu, ga likitocin dabbobi a kusa. Mu kuwa da harawa da dusa da ganyen bayan gida muke kiwo, kejinmu yana shan zafin bazara da sanyin hunturu. Namu ba sa saurin girma kamar nasu. Don haka ƙarin mako biyu ko uku a wurin uwa shi ne rigakafin da ba ka biya ko sisi ba.

Kada kuma kwanan wata kaɗai ya zama ma'auninka. Kafin ka yaye, ka tabbatar kowannensu yana cin harawa da dusa sosai, yana shan ruwa da kansa, kashinsa ƙwaya-ƙwaya ne a bushe, ƙarƙashin wutsiyarsa a tsaftace, kuma idan ka ɗaga shi za ka ji nauyi a hannunka. Idan 'ya'yan suna da yawa, kamar takwas ko tara, ko kuma sun tashi ƙanana, ko ana tsakiyar hunturu, ka bar su su cika mako 8. Idan huɗu ne ko biyar kuma sun yi ɓul-ɓul, mako 6 ya isa.

Yadda ake yayen

A al'adarmu idan za a yaye yaro, shi ake ɗauka a kai gidan kaka. A wurin zomo an fi so a juya abin. Uwar ake ɗaukewa a kai wani keji, a bar 'ya'yan a inda suka saba. Zomo dabba ce mai saurin firgita, kuma firgici yana taɓa cikinsa. Rabuwa da uwa kaɗai ta ishe su damuwa. Idan ka haɗa musu da sabon wuri da sabon abinci a rana ɗaya, ka ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba.

Idan ba ka da halin ɗauke uwar, to ka kwashe 'ya'yan kaɗan-kaɗan. Ka fara da manyan guda biyu ko uku, ka sa su tare a keji mai tsafta. Bayan kwana biyu ka ƙara ɗaukar wasu. Mafi ƙanƙanta su ne na ƙarshe. Wannan yana da amfani biyu. Ƙananan da manya suke turewa za su samu nono su ɗan farfaɗo, ita kuma uwar nononta zai ƙafe a hankali, ba zai taru ya kumbura ba kamar yadda ya faru da tawa. A kwanakin nan ka rage mata dusa, ka bar mata harawa da ruwa, kuma kullum ka shafa cikinta. Idan ka ji tauri da zafi, ko ka ga wurin ya yi ja, ka nemi malamin dabbobi.

Kada ka ware ɗan zomo shi kaɗai a ranar yaye. Ka bar su tare da 'yan uwansu, suna ɗumama juna, kuma hankalinsu ya fi kwanciya. Wajen ɗaukarsu kuma a daina kama su ta kunne. Na san haka muka taso muka ga ana yi, amma yana ji musu ciwo. Ka tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ka riƙe ƙugunsa. Zomo idan ya yi harbi da ƙafafun baya yana lilo a sama, yana iya karya ƙashin bayansa.

Makonni biyu na farko bayan yaye

Nan ne aka fi asara, don haka nan ne ake buɗe ido. Ka ci gaba da ba su irin abincin da suke ci tare da uwarsu, kada ka canza komai. Busasshiyar harawar gyaɗa ko ta wake ta kasance a gabansu dare da rana, domin ita ce take sa hanjinsu yana aiki. Dusar alkama ko ta masara kuma a auna musu daidai. Idan ta yi yawa suka bar harawa suka koma mata, zawo ne zai biyo baya. Wadda ta yi tsami ko ta yi fumfuna a zubar da ita.

Ɗanyen ganye, kamar na dankalin Hausa ko zogale, a shanya shi a inuwa ya ɗan yi yaushi kafin a ba su, kuma a fara da kaɗan. Kada a ba su ganyen da raɓa ko ruwan sama ya jiƙa, ko wanda aka yanko a gefen gonar da aka yi wa feshi. Ganyen tumatir da na dankalin Turawa ba abincin zomo ba ne. Latas da kabeji ma a dakata da su tukuna, domin suna iya sa ƙananan zawo ko kumburin ciki.

Sai maganar ruwa. Har yanzu akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa. Wannan magana ta kashe zomaye da yawa. Yana sha, kuma wanda aka yaye ya fi bukata, tun da a da nono ne yake ba shi ruwan. A sa musu a kasko mai nauyi wanda ba za su kifar ba, a canza kullum.

Tsafta kuma ita ce maganin wata cuta da ake kira koksidiyosis, wadda take kama hanji da hanta, kuma ta fi addabar waɗanda aka yaye. Ta hanyar kashi take yaɗuwa, musamman a wuri mai danshi, shi ya sa ta fi yawa da damina. A riƙa share keji kullum, a ɗaga kaskon abinci yadda ba za su yi kashi a ciki ba, a rataye harawa maimakon a zuba ta a ƙasa su tattake.

Ga wani gargaɗi da nake so ku kai gida. Idan ɗan zomo ya fara zawo, kada a buɗe kafson mutane a zuba masa a ruwa. Magunguna irin su amfisilin da amoksisilin idan zomo ya sha su ta baki, suna kashe ƙwayoyin nan masu amfani da ke hanjinsa, kuma hakan yana iya kashe shi. Abin da za ka yi shi ne ka ware mara lafiyar, ka janye dusa da ɗanyen ganye, ka bar masa harawa da ruwa mai tsafta, sannan ka garzaya asibitin dabbobi mafi kusa a ranar.

Raba maza da mata

Yanzu mu koma kan ɗan uwanmu na Azare. Zomo yana balaga da wuri. Ƙananan irin suna iya yin barbara tun suna wata uku da rabi zuwa huɗu, matsakaita kamar farin nan mai jan ido da ake kira New Zealand sukan kai wata huɗu zuwa biyar. Kuma zomo bai san uwa ba, bai san 'yar uwa ba. Idan ka bar su tare, ɗa zai hau uwarsa, wa zai hau ƙanwarsa. Macen da ta ɗauki ciki kafin jikinta ya gama ginuwa takan tsumbure, ta haifi 'ya'ya kaɗan marasa ƙarfi, wani lokaci ta ƙi kula da su. Idan kuma aka daɗe ana barbara tsakanin 'yan gida ɗaya, irin yana lalacewa. Mazan kuwa da sun balaga sai faɗa, suna cizon juna a kunne da maraina.

Shi ya sa kafin su wuce mako 12 kowa ya kama gabansa. Matan za su iya zama tare na ɗan lokaci idan kejin yana da faɗi. Mazan kuma da ka ga sun fara kokawa, kowa a ba shi nasa ɗaki, ko a sayar, ko a yanka.

Yadda ake gane namiji da mace ba wuya. Ka kwantar da shi a cinyarka, ka ɗaga wutsiya, ka danna gefen al'aurar a hankali da yatsu biyu. Na namiji zai fito a zagaye kamar bakin ɗan bututu. Na mace kuwa tsaga ce mai ɗan tsawo da ta nufi wajen dubura. A mako 6 ana iya yin kuskure, ko mu da muke karanta abin mukan yi. Ka sake dubawa a mako 10, lokacin marainan namiji sun fara bayyana. Idan kana shakka, ka kai wa malaminku na aikin gona ko wani da ya daɗe yana kiwo.

Shawarata ga ɗalibin Azare ita ce ya raba su yau, kada ya jira Asabar. Duk macen da ta zauna da namiji, har da uwar, ya ɗauka tana da ciki. Ya ba kowacce wurinta, ya rubuta ranar da ya raba su, ya tanadi akwatin haihuwa. Da ya ga ɗaya ta fara tara ciyawa a baki ko tana tsige gashin ƙirjinta, ya sa mata akwatin. Idan kwana 35 suka wuce ba wadda ta haihu, ya tsira.

Idan dole ta sa a yaye da wuri

Akwai lokacin da ba yadda za ka yi. Zomanya tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. Idan namiji yana cikin kejin a lokacin, to ka sa ran wata haihuwar bayan wata guda. A nan dole ka ɗauke na farkon a wajen kwana 28, domin nononta zai ƙafe, kuma manyan za su tattake jariran. Irin waɗannan sai an ninka musu kulawa. Maganin abin tun farko shi ne kada namiji ya zauna keji ɗaya da mace. Ita ake kaiwa wurinsa, idan an gama a dawo da ita.

Idan kuma uwar ce ta mutu suna jarirai, hanya mafi kyau ita ce a raba su ga wata zomanyar da ta haihu a kwanakin, wadda bambancin haihuwarsu bai wuce kwana biyu ko uku ba. A cusa su cikin gashin akwatinta su ɗauki warin 'ya'yanta. Shi ya sa masu dabara suke kai mata biyu wurin namiji a lokaci guda. Shayar da su madarar gwangwani ko nonon saniya da wuya yake raya su.

Bayan yaye kuma a bar uwar ta huta. Ka shafa bayanta, idan kana jin ƙashi a fili, ka ba ta mako biyu ko fiye ta mayar da jiki kafin ka sake kai ta wurin namiji. Da tsananin zafin watan Maris zuwa Mayu ma gara a ɗaga mata ƙafa, domin zafi yana wahalar da mai ciki, kuma yana rage ƙarfin namiji.

Littafi da biro

Duk wannan lissafi ba zai yiwu da ka ba. Ka ware littafi guda na zomaye. Ga misali. Ka kai mace wurin namiji ranar 1 ga Oktoba. Ranar 29 ga Oktoba za ka sa mata akwati. Ka sa ran haihuwa a wajen 1 ga Nuwamba. Mako 6 zai cika ranar 13 ga Disamba, mako 8 kuma ranar 27 ga Disamba. Raba maza da mata zai faɗo tsakanin 10 zuwa 24 ga Janairu.

Ku lura da yadda yayen ya faɗo a cikin hutun zangon farko. Ga 'yan makarantar kwana wannan dabara ce. Ka ƙirga baya daga ranar da za a ba ku hutu, ka tsara barbarar yadda yaye zai same ka a gida. Ƙaninka zai iya zuba harawa da ruwa, amma ba lallai ya lura da ɗan zomon da ya takure a lungu ba.

Masu saye ma ga naku. Idan ka je kasuwa ka ga ɗan mitsitsin zomo mai ban sha'awa, ka tambayi kwanansa. Idan mai shi ya ce bai sani ba, ko ka ga bai wuce tafin hannunka ba, ka haƙura. Wanda ka saya kuma ka tambayi abin da yake ci ka ci gaba da ba shi, sannan ka ware shi aƙalla mako biyu kafin ka haɗa shi da naka.

To, ƙanwata ta Funtuwa, ki gaya wa ƙawarki ta ƙara haƙuri. Naki yau kwanansu 20, saura kwana 22 su cika mako 6. Ki yaye su a gidanku, ki riƙe su mako biyu ki ga cikinsu ya zauna, sannan ki ba ta. Idan tana tsoron kada wani ya riga ta, ta zaɓi nata tun yanzu ki sa musu alama. Gara ta yi fushin wata guda da ta dawo miki da gawa a leda, kamar yadda aka kusa yi mini. Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, ribarsa ma sai an bi ta da lissafi da haƙuri.

Ɗaya zomon da ya tsira a cikin ukun nan nawa mace ce. Ita ce kakar duk zomayen da ke bayan ɗakin girkinmu a yau, kuma da kuɗin jikokinta nake sayen takardun karatu a makaranta. Dattijon nan ma daga baya na kai masa biyu kyauta, 'yan mako tara.

A mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake kare zomaye daga zafin rana da kayan da ke cikin gida. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku ta hannun editan wannan shafi, ku rubuta ajinku da garinku. A gaida malamai, a kuma dage da karatu. Sai mun haɗu.